Shehu Abdullahi da Lamba Biyu: Nazari a kan Sana'ar Ɗan Wasan Baya

Cikin 'yan Arewa da suka sa rigar Super Eagles daga 2010 zuwa yau, kaɗan ne suka tara abin da Shehu Abdullahi ya tara. An haife shi a Sakkwato ranar 12 ga Maris, 1993. Yana da lambar tagulla uku: ta gasar CHAN ta 2014, da ta wasannin Olamfik na 2016, da ta Kofin Afirka na 2019. Ya buga Kofin Duniya na 2018 a Rasha, ya ɗauki kofin lig a gida da Kano Pillars, ya ɗauka a Saifurus da Omonia, ya kuma ci abinci da ƙafarsa a ƙasashe biyar na waje. Duk da haka, in musu ya kaure a gidajen kallon bal na PZ ko na Samaru a Zariya aka zo kan lambar da yake bugawa, da wuya baki ya zo ɗaya. Wanda ya san shi tun yana Pillars zai ce lamba huɗu ne, mai tare gaban 'yan baya a tsakiyar fili. Wanda ya fara ganinsa a Super Eagles kuwa zai rantse lamba biyu ne. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Wannan saɓani shi ne abin da nazarin nan ya ɗauko. Abin da nake son nunawa shi ne, iya tsayawa duk inda koci ya ajiye shi ne ya ba Shehu sana'a mai tsawo, kuma shi ne ya yi mata iyaka. Da wannan baiwa ya samu shiga tawagar ƙasa sau da yawa, da ita kuma aka samu sauƙin cire shi duk lokacin da tsari ya canza.

Wa ake turawa baya?

Zariya wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan lamari. A Kwangila hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta hanyar Sakkwato, wadda ke ratsa Samaru ta gaban ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello ta miƙe Funtuwa da Gusau. Kowane ɗaya daga cikin garuruwan Kaduna da Kano da Sakkwato yana da hannu a labarin 'yan bayan Najeriya: Kaduna ta haifi Celestine Babayaro da Efe Ambrose da Jamilu Collins, Sakkwato ta haifi Shehu, Kano ta raine shi. Ita Zariyar kanta, wanda duniya ta fi sani cikin 'yan ƙwallon da aka haifa a cikinta ɗan gaba ne, Shola Ameobi na Newcastle.

A filayen unguwa na Sabon Gari da Samaru, kamar na sauran garuruwanmu, ba yaron da ke zaɓar baya da kansa. In aka zo rabon wuri, gwanin yanka ne ke ɗaukar goma, mai gudu ya ɗauki bakwai ko sha ɗaya, sannan a dubi dogo, ko mai jiki, ko wanda ya zo a makare, a ce ya koma baya. Umarnin da ake ba shi bai wuce ɗaya ba: kada ka yi wasa da ita, fitar da ita. Filin ma yana koyar da nasa darasin. Ƙasa ce tsandauri mai tsakuwa, bal ba ta tafiya a miƙe, tsalle take yi. Duk wanda ya ce zai tare ta a gaban ragarsa ya juya ya nemi wanda zai ba, ƙasa za ta kunyata shi, 'yan kallo su ƙarasa. Don haka yaron da ya taso a baya ya iya duka da kai da jiki, amma ba a taɓa neman ya iya raba ƙwallo ba.

Ita kuwa ƙwallon sana'a ta daɗe da barin nan. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan, abin da ya tilasta wa 'yan baya su san yadda za su fita da ita daga matsi. A 2019 aka ƙara wata doka da ta ba su damar karɓar bugun gola tun a cikin da'irar gida. Kocin zamani yana son ɗan bayan da zai tare, ya karɓa, ya raba, in lamba biyu ne ko uku ya kuma haura ya yi kurosin. Wanda ya iya waɗannan a filayenmu yana tsakiya, ba ya baya. A fahimtata, wannan ne ya sa idan aka rasa ɗan baya mai natsuwa da ƙwallo, sai a shiga tsakiya a ɗauko lamba huɗu a mayar da shi. Ta wannan ƙofa Shehu ya shiga.

Daga Ƙofar Mata zuwa Madeira

Pillars da ya yi wa wasa ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Sai Masu Gida sun ɗauki kofin lig sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuwa wuri ne da baƙo ke shiga da fargaba. A nan aka san Shehu a matsayin ɗan tsakiya mai ƙwace ƙwallo. Daga nan ya shiga tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je Turkiyya a 2013, sannan Stephen Keshi ya tafi da shi gasar CHAN a Afirka ta Kudu a farkon 2014, gasar da ake tunawa da ita saboda wasan Maroko, inda aka tafi hutun rabin lokaci ana cin Najeriya 3-0 aka tashi ta ci 4-3.

A 2014 ɗin ya tafi Qadsia ta Kuwait, ƙungiyar da ta ɗauki kofin AFC a shekarar. Bayan shekara guda ya tsallaka Turai, zuwa União da Madeira da ke Funchal, wadda ta hau babbar gasar Fotugal a 2015 ta kuma faɗo a 2016. Yana da shekara 22 lokacin da ya shiga Turai. Wannan adadi yana da muhimmanci, za mu dawo kansa.

Mutum 18 a Rio

Wanda ke son ya gane darajar ɗan wasa irin Shehu, ya dubi ƙa'idar Olamfik ta 2016. Kowace ƙasa 'yan wasa 18 aka ba ta, biyu a ciki gololi ne. Saura 16 ke nan za su rufe wurare goma, a wasa shida cikin kwana 17 ga wanda ya kai ƙarshe. Ba kocin da zai iya ɗaukar mutum biyu a kowace lamba. Dole ya nemi wanda in ɗan tsakiya ya ji rauni zai shiga, in lamba biyu ya samu kati zai koma can. Samson Siasia ya ajiye Shehu a gefen dama na baya, tsakiya kuma ta zama ta kyaftin Mikel Obi da abokan aikinsa.

Labarin tawagar sananne ne. Ta maƙale a Atlanta saboda matsalar jirgi, ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasan farko ranar 4 ga Agusta, ta ci Japan 5-4, Oghenekaro Etebo ya zura huɗu. Ta fitar da Denmak da ci 2-0, Jamus ta tare ta da 2-0 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta ci Honduras 3-2 ranar 20 ga Agusta, Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Wannan tagulla ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a Rio gaba ɗaya. Sunayen da suka fito daga gasar na masu cin ƙwallo ne. Abin da Shehu ya fito da shi daban ne: daga nan aka fara lissafa shi a lamba biyu.

Lokacin kuwa ya zo daidai da buƙata. Gernot Rohr ya karɓi Super Eagles a Agustan 2016 ya tarar ba shi da tsayayyen lamba biyu. A wasan neman gurbin Kofin Duniya da Zambiya a Ndola cikin Oktoba, Wilfred Ndidi ya sa a wurin, ɗan tsakiya. A wasan Aljeriya a Uyo cikin Nuwamba ya sa Kenneth Omeruo, wanda tsakiyar baya ce wurinsa. Ba kuma Rohr ya fara wannan ba. Joseph Yobo ya yi zaman lamba biyu a farkon shigarsa tawagar ƙasa, Keshi ma da Efe Ambrose ya ɗauki Kofin Afirka na 2013 a wannan wuri, alhali a Celtic tsakiyar baya yake bugawa. Lamba biyu a Super Eagles ta daɗe tana hannun 'yan aro. A 2017 ta faɗo hannun Shehu, ya kuma riƙe ta da kyau: da shi aka lallasa Kamaru, mai riƙe da Kofin Afirka a lokacin, da ci 4-0 a Uyo ranar 1 ga Satumba, aka je Yawunde aka yi 1-1 bayan kwana uku.

Kwana 34 na 2017

Akwai wasanni biyu da suka ishi mai nazari ya gane yadda ake auna ɗan baya. Tsakaninsu kwana 34 ne.

Na farko, ranar 7 ga Oktoba a Uyo. Najeriya na buƙatar cin Zambiya ta tabbatar da gurbinta. Wasan ya yi tsauri, har Zambiya ta jefa ƙwallo a raga kafin hutu aka ce satar gida ce. Bayan an haura minti 70, Victor Moses ya ja 'yan baya ya saki ƙwallo ta dama, Shehu ya biyo a guje ya karɓa kusa da layin ƙarshe. Bai ɗaga ta sama ba kamar yadda aka saba gani wurin lamba biyu in ya iso nan a gajiye. Ya ɗaga kai ya mayar da ita baya a ƙasa, inda Alex Iwobi, wanda ya shigo daga benci, yake tahowa. Iwobi ya buga ta shiga. Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu tikitin Rasha. Wannan fasin na ɗan tsakiya ne. Idon da ya duba ya ga wanda ke tahowa a baya, a lamba huɗu aka horar da shi.

Na biyu, ranar 10 ga Nuwamba a Constantine. Wasan cika ƙa'ida ne, gurbi ya riga ya samu. John Ogu ya ci wa Najeriya, Yacine Brahimi ya farke da fenariti, aka tashi 1-1. A watan Disamba sai FIFA ta sanar da cewa ta ba Aljeriya wasan da ci 3-0, ta kuma ci tarar hukumar ƙwallon Najeriya faran 6,000 na Suwizalan, saboda an sa ɗan wasan da ke ƙarƙashin dakatarwa. Ɗan wasan Shehu ne. Doka ta ce wanda ya samu katin gargaɗi biyu a wasanni daban-daban na neman gurbi, zai huta wasa ɗaya. Katinsa na biyu a wasan Zambiya na Uyo ya same shi. Na farkon kuwa tun a wasan Swaziland ne, cikin Nuwamban 2015.

A lura da tazarar. Kusan shekara biyu ce tsakanin katin farko da na biyu. Lokacin na farko Sunday Oliseh ne koci. Ya ajiye aiki a Fabrairun 2016, Siasia ya riƙe na ɗan lokaci, Salisu Yusuf ya riƙe, sannan Rohr ya zo. Koci huɗu suka wuce ta kan kati ɗaya, lissafinsa ya ɓace a hanya. Ajiye irin wannan lissafi aikin ofis ne, shi ya sa hukumar aka ci tara, ba ɗan wasan ba. Ana iya cewa shi ma ya kamata ya riƙe adadin katinsa a ka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai ɗan wasan da ya canza ƙungiya da ƙasa a tsakanin, yana karɓar kati a lig da kofi da tawagar ƙasa, ba shi ne ya fi cancantar a dogara da ƙwaƙwalwarsa ba. Amma a kanun labarai sunansa ne ya fito, ba na wani jami'i ba.

Allah ya taƙaita abin, domin ko da aka cire maki ɗaya Najeriya ta gama da 13, Zambiya na da 8. Wasu ba su yi wannan sa'ar ba. A Satumban 2013 Cape Verde ta je har Tunisiya ta ci 2-0 ta haye zagayen ƙarshe na neman gurbin Kofin Duniya na 2014, sai aka gano ɗan bayanta Fernando Varela bai gama zaman dakatarwarsa ba, aka ƙwace wasan aka ba Tunisiya gurbin. Ba mamaki a ce irin wannan ta fi faɗawa kan 'yan baya da masu tare tsakiya. Kati wani ɓangare ne na kuɗin da sana'arsu ke ci. Idan ɗan gaba ya kufce ya nufi raga, ɗan baya na da zaɓi biyu, ya bar shi ko ya kayar da shi ya karɓi yalo, koci kuma na biyun yake so.

To, a haɗa wasannin biyu a gani. Abin alherin da aka fi tuna Shehu da shi a tawagar ƙasa aikin kai hari ne. Abin takaicin da aka fi tuna shi da shi kuskuren takarda ne. Ainihin aikin da aka ɗauke shi dominsa, wato hana lamba sha ɗaya na abokan hamayya sakat, babu wanda ke iya kawo misalinsa guda a hira. Najeriya ƙwallo huɗu kacal aka zura mata a fili cikin wasa shida na rukunin da ke da Kamaru da Aljeriya da Zambiya, amma ba a raba wannan yabo ga mutum ɗaya. Ɗan baya kamar mai gadi yake: daren da ɓarawo bai shigo ba, ba wanda ya san ya yi aiki. Ko a kyaututtuka haka abin yake. 'Yan Najeriya da suka zama gwarzon Afirka, daga Rashidi Yekini a 1993, da Emmanuel Amuneke, da Nwankwo Kanu sau biyu, da Victor Ikpeba, zuwa Victor Osimhen a 2023 da Ademola Lookman a 2024, duk 'yan gaba ne. William Troost-Ekong ya zama gwarzon gasar Kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, gaskiya ne, amma sai da ya ci ƙwallo uku a gasar.

Wasa ɗaya a Rasha, rabin wasa a Masar

A Janairun 2018 Shehu ya bar Anorthosis ta Saifurus, inda ya koma bayan Madeira, ya tafi Bursaspor ta Turkiyya, ƙungiyar da ta taɓa ɗaukar lig a 2010, inda ya tarar da Troost-Ekong. Yana da shekara 24, yana da wuri a tawagar ƙasa, saura wata biyar Kofin Duniya. Nan ne ƙololuwar sana'arsa, domin Kofin Duniya kasuwa ce, a nan manyan ƙungiyoyi ke taya ɗan wasa.

Ranar 16 ga Yuni a Kaliningrad ya fara wasan Kuroshiya a lamba biyu. An ci Najeriya 2-0. Duka ƙwallayen biyu daga bugun kwana suka samo asali: ta farko Etebo ya ci gida, ta biyu Troost-Ekong ya rungume Mario Mandžukić aka ba da fenariti Luka Modrić ya ci. Babu wadda ta biyo ta gefen Shehu. Amma da Rohr ya zo gyara don wasan Aisland, sai ya canza tsarin gaba ɗaya: 'yan tsakiyar baya uku, mutum biyu a gefe masu hawa da sauka, 'yan gaba biyu. Omeruo ya shigo ya zama na uku a baya, Moses ya karɓi gefen dama, Ahmed Musa da Kelechi Iheanacho suka maye gurbin Iwobi da Odion Ighalo. Musa ya ci biyu a Volgograd, tsarin ya zauna, da shi aka fuskanci Ajantina.

Abin lura shi ne yadda sabon tsarin ya bar Shehu ba wuri. Yana iya buga tsakiyar baya, amma Omeruo ya fi shi a nan. Yana iya hawa gefe, amma Moses ya fi shi kai hari. Yana iya buga tsakiya, amma ga Ndidi ga Mikel ga Etebo. A wurare uku shi ne na biyu ko na uku, a wuri ɗaya tak yake na farko, wurin kuma an soke shi.

Bayan shekara guda, ranar 22 ga Yuni, 2019, a Iskandariyya, ya sake fara wasan farko na babbar gasa, da Burundi. Rauni ya fitar da shi kafin hutun rabin lokaci. Chidozie Awaziem ya shiga, shi ma ɗan tsakiyar baya ne da aka ara, ya kuma riƙe wurin har Najeriya ta kai ga tagulla. Yadda Shehu ya samu lamba biyu, haka ta bar hannunsa. A wannan shekarar ce kuma Bursaspor ta faɗo daga babbar gasar Turkiyya.

Abin da kasuwa ke saya

Idan aka jera ƙungiyoyinsa na waje, Qadsia, União, Anorthosis, Bursaspor, Omonia, Levski Sofia ta Bulgeriya, za a ga shida ne cikin kimanin shekara tara. Babu wadda ya kai shekara uku a cikinta, biyu sun faɗo yana ciki, babu kuma ko ɗaya a manyan gasannin Ingila, Sifen, Italiya, Jamus ko Faransa. Wannan ba gazawa ba ce, domin a Omonia ya ɗauki lig a 2021, karo na farko da ƙungiyar ta ɗauka tun 2010, ya buga gasar Europa, ya ƙara da kofin ƙalubale a 2022. Sai dai jerin yana da siffa, siffar kuma tana da dalili.

Babbar ƙungiya in ta shiga kasuwa, rami ɗaya take son cikewa, tana kuma neman wanda ya fi kowa a wannan ramin. Ƙungiyar da aljihunta bai da nauyi ita ke neman mutum ɗaya da albashinsa zai rufe mata wuri biyu ko uku. Irin waɗannan ƙungiyoyi su ne na ƙananan gasanni da masu fafutukar kauce wa faɗuwa, su ne kuma ba sa ba da doguwar kwantiragi. Wato mai cike gurbi ba ya rasa aiki, amma masu nemansa ba su ne masu biya da tsoka ba.

A gwada shi da 'yan bayan Arewa masu ƙafar hagu. Babayaro, haifaffen Kaduna a 1978, lamba uku ne tun yana yaro. Ya ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Japan a 1993, ya tafi Anderlecht ta Beljiyam, ya ci wa Najeriya ƙwallon farko a wasan ƙarshe na Olamfik da Ajantina a 1996, Chelsea ta saye shi fam miliyan 2.25 a 1997, ya zauna can har Janairun 2005. Zaidu Sanusi, ɗan Jega da aka haifa a 1997, ta Fotugal ya shiga Turai kamar Shehu, ta ƙofar da ta fi tasa ƙanƙanta ma, domin sai da ya yi zaman Mirandela a ƙananan rukunai. Amma daga Santa Clara ya haye Porto a 2020, ranar 7 ga Mayu, 2022, kuma ya ci Benfica a gidanta a mintin ƙarshe ya ba Porto kofin lig na 30. Masu ƙafar hagu kaɗan ne a ko'ina, ba a kuma iya ɗauko kowane ɗan tsakiya a ce ya je ya tsaya a lamba uku. Ƙarancinsu ya ba su wurin da ba a ara, da farashin da ba a ragewa.

Ambrose ya fi kusa da Shehu, shi kuwa ya kai Celtic, har yana cikin waɗanda suka ci Barcelona 2-1 a Nuwamban 2012. Labarinsa ya nuna wani gefen na halin mai cewa to ga duk abin da aka nema. Ya buga wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Johannesburg ranar 10 ga Fabrairu, 2013, ya hau jirgi, ranar 12 ga wata ya fito wa Celtic a wasan Juventus na gasar zakarun Turai. Ya yi kuskure a ƙwallon farko da ta uku, aka ci su 3-0, har abokin wasansa Kris Commons ya soke shi a bainar jama'a. Kocin da ya sa shi a wasan, Neil Lennon, shi ne ya zo ya horar da Shehu a Omonia a 2022.

Akwai hujjar da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi nawa, kuma mai ƙarfi ce. Philipp Lahm ya buga dama da hagu da tsakiya, Joshua Kimmich ɗan tsakiya ne da aka mayar lamba biyu, ba wanda ya ce yawan wurare ya rage musu daraja. Amsata ita ce, su daga sama suka fara. Suna Bayern Munich tun suna matasa. Shi kuwa wanda ya shiga Turai yana da shekara 22, ta ƙungiyar da ta hau gasa jiya, ba shi da lokacin da zai ce wa koci a bar shi a wurinsa har ya ƙware. Abin da ke gabansa shi ne ya shiga fili ranar Asabar, ko a ina ne, don a sabunta masa kwantiragi. Ke nan yawan wurare ba shi kaɗai ya yi wa Shehu iyaka ba. Ya haɗu da makarar fita da ƙanƙantar ƙofar shiga, su kuma suka sa bai da ikon ƙin karɓar kowane wuri.

Dokar wasa ma ta juya wa irinsa baya. Da canji uku ake yi a wasa, koci na ajiye mai cike gurbi a benci kamar dukiya. Daga 2020, sanadin annobar korona, aka mayar da canji biyar, aka tabbatar da shi a 2022, a Kofin Duniya na Katar kuma aka ba kowace ƙasa 'yan wasa 26 maimakon 23. Kocin da ke da wannan yalwa yana iya ɗaukar ƙwararre biyu a kowace lamba.

Shehu ya dawo gida ya sake sa rigar Pillars, a kakar 2024/2025 suna tare da Ahmed Musa. Lamba biyu ta Super Eagles kuwa ta koma hannun Ola Aina, wanda makarantar Chelsea ta horar a gefen baya tun yana yaro, da Bright Osayi-Samuel, wanda ya taso a Ingila yana ɗan gefen gaba aka mayar da shi baya a Fenerbahçe. A wasan ƙarshe na Kofin Afirka ranar 11 ga Fabrairu, 2024, a Abijan, mutum biyar Najeriya ta jera a baya: Aina, Semi Ajayi, Troost-Ekong, Calvin Bassey da Zaidu. Huɗun farko duk a Turai suka koyi ƙwallo. Zaidu kaɗai ya fito daga filin ƙasa irin namu, shi ma a lamba uku.